Yadda na raba gardama tsakanin solve, resolve da settle

'Yan'uwa masu koyon Turanci, makonni uku ke nan ina fama da kalmomi uku, kuma sai daren jiya Allah ya sa na kamo bakin zaren. Abin da ya jawo haka shi ne wani rubutu da na miƙa wa malaminmu, inda na rubuta "solve the conflict" har sau huɗu, ya ja layi a ƙarƙashin kowanne, ya rage mini maki. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin nahawun jimlolin babu kuskure, kuma a kaina solve da resolve duk "warwarewa" suke nufi.

Da farko na ware wa kowace kalma mako guda na hadda, amma tsarin ya rushe tun a rana ta uku, saboda na tarar da problem tana bin solve kuma tana bin resolve, sai na rasa na kamawa. Daga nan na koma ga British National Corpus, wani rumbun rubuce-rubuce da maganganun Turancin Birtaniya mai kalmomi miliyan 100, na riƙa karanta jimloli ɗaya bayan ɗaya har idona ya gaji. A hankali na lura cewa solve tana tafiya da abin da yake da amsa a ɓoye, kamar puzzle, mystery, equation da crime, ita kuwa resolve ta fi zama inda ake ja-in-ja, wato conflict, dispute, differences da crisis.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne Hausa ma tana da irin wannan rabo, ni ne ban taɓa kula ba. Muna warware lissafi, muna sasanta rikici, kuma babu Bahaushen da zai ce ya sasanta lissafi. Tunda na ɗora solve a kan amsa, resolve a kan sasantawa, ban sake rikicewa ba. Asalinsu ma ɗaya ne, daga solvere ta Latin mai nufin kwancewa, kamar yadda muke warware igiya.

Settle ce har yanzu take ba ni wahala. Na gane "settle an argument" raba gardama ne, "settle a debt" biyan bashi, "settle out of court" kuma sulhu ba tare da jiran hukuncin alƙali ba. Amma saura kaɗan in saka "settle a score" a wata wasiƙa da niyyar neman sulhu, alhali ramuwar gayya take nufi.

Jiya na gwada kaina da jimloli 20, na ci 18, kuma ina alfahari da hakan. Biyun da na faɗi duk a kan settle ne, don haka ita zan tasa a gaba a wannan makon.