Baki ya riga ya motsa, saura murya

Ina cikin shekarata ta uku da fara ɗaukar waƙa a sutudiyo maigidana ya miƙo mini wani aiki da na ɗauka hutu ne. Wata ƙungiyar kiɗan rok, su huɗu, sun yi dogon fim a kan yawon wasanninsu, kuma su da kansu suka fito a ciki. An gama ɗauka, an tace hoto, sai aka tarar maganganu da yawa ba sa jiwuwa. Wani wurin janareta ya cinye, wani wurin iska ce ta yi ta dukan makirfo, ga wata doguwar hira a cikin mota da ba ka jin komai sai gurnanin inji. Dole su zo ɗakin da babu hayaniya su sake faɗin kalaman a ɗora a kan hoton. 'Yan sana'a suna kiran wannan aiki ADR. Na ce a raina, mutanen da makirfo ya zame musu abokin zama, kwana biyu ya ishe mu. Kwana tara muka yi.

Tsarin ba wuyar bayani. Ana nuna wa mutum gutsuren fim a allo, ya ji yadda ya faɗi maganar a ranar ɗauka. Sai ƙara ta buga masa a kunne sau uku, tazararsu ɗaya, a gurbin ta huɗu wadda ba a bugawa ya buɗe baki. A da, yanko gutsuren ake yi a liƙe bakinsa da ƙarshensa ya zama zobe, ya yi ta zagayawa a inji har mutum ya dace. Yanzu kwamfuta ke maimaitawa, amma wahalar na nan. Fim na tafiya da hoto 24 a kowane sakan, kuma kuskuren hoto biyu ya isa ido ya tsargu, musamman a haruffan da ke haɗe leɓe irin su b da m. In kuwa za a kuskure, gara murya ta makara da ta yi gaba. Mun saba ganin mai sara daga nesa kafin ƙarar gatarinsa ta iso, amma babu wanda ya taɓa jin saran kafin gatari ya sauka.

Mai ganga tun ɗauka ta biyu ya gane kan abin. Ƙara uku sannan a shiga, ai abin da yake yi wa 'yan uwansa ke nan da sanduna kullum. Wanda ya ba mu ruwa shi ne mawaƙin, wanda na fi sa wa rai. A bidiyon waƙa, murya ce ke gaba, baki ya bi ta. Shekara da shekaru haka ya saba. Nan kuwa an juya masa: baki ya riga ya motsa watanni da suka wuce, muryar ce za ta bi sawu. Sannan ga halin mawaƙi, ba ya iya barin kalma ta fita a hargitse. Ya ja numfashi mai tsabta, ya ja wasali, ya rufe jimla tsaf. Alhali mutumin da ke allo bai yi barci ba, yana in-ina, yana haɗiye rabin kalma. Darakta ta ce masa, "In-inar nan nake so, mayar mini da ita." Ya kalle ta kamar ta ce ya tsinke igiyar jita da gangan.

Kada in yi ta lissafa laifin wasu. Ranar farko ni na ɓata ta, gaba ɗayanta. Na kafa musu babban makirfon da muke ɗaukar waƙa da shi, na matso da shi tazarar taƙi ɗaya daga baki, na sami murya mai kauri da sheƙi har ina yaba wa kaina. Washegari maigida ya zauna ya kalli minti biyu, ya tsayar.

"Zo nan. Mutumin nan a ina yake tsaye?"

"A bakin titi, maigida."

"To me ya kawo muryarsa cikin kunnena?"

Ban da amsa. Kunne yana auna nisa kamar yadda ido ke yi, kuma in suka saɓa, mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai san sunansa ba. Muka zubar da aikin yini guda. Aka nemo dogon makirfo irin wanda aka rataya a sanda ranar ɗauka, muka ɗaga shi sama da kai, nesa da baki, muka maƙala ƙaramin a ƙirjin riga kamar yadda aka yi a can. Bayan haka na shimfiɗa sautin wurin a ƙarƙashin maganar, wato shirun da mai ɗaukar sauti ke naɗa a kowane wuri kafin a tashi, wanda in ka saurara da kyau ba shiru ba ne. Shekara uku ina koyon korar hayaniya, ga ni ina roƙonta ta dawo.

Mai jita ma sai da ya yi tawaye. Ya ce wannan ƙarya ce, su da aka san su da kiɗa kai tsaye. Maigida bai ɗaga murya ba, ya tambaye shi sau nawa ya sake ɗora jitarsa a faifansu na ƙarshe. Ya ƙara da cewa a Italiya, a shekarun 1960, yawancin finafinai a sutudiyo aka sa musu murya bayan an gama ɗauka, kuma har yau ana koyar da su. Mutumin ya yi shiru. Daga baya na lura matsalarsa ba ta aƙida ba ce: ba ya iya magana hannunsa wayam. Muka ba shi jitarsa, muka cusa tsumma a ƙarƙashin igiyoyin, harshensa ya sake.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ihu. Akwai wurin da suke gardama a bayan dandamali, taro na ruri. A ɗaki shiru, duk wanda ka ce ya yi ihu kwaikwayon ihu zai yi. Sai maigida ya sa na rage muryar mutum a na'urar kunnensa, na cika ta da rurin taron. Nan take jijiyar wuya ta tashi. Wani likitan kunne Bafaranshe, Étienne Lombard, ya bayyana wannan tun 1911: mutum na ɗaga murya cikin hayaniya ba tare da ya yi niyya ba. Sai dai kunnuwan makaɗan rok sun sha wuya, kullum "ƙaro, ƙaro" suke, kuma in ka biye musu ƙarar za ta tsiyayo daga na'urar ta shiga makirfo. Ɗauka biyu masu kyau na rasa ta haka kafin na fara dubawa.

Akwai kuma maɓallin magana. Tsakaninmu da su gilashi ne mai kauri. In mutum ya gama ya ɗago ya ga bakunanmu na motsi ba ya jin komai, zaginsa yake zaton ana yi. Na koyi danna maɓallin nan take, ko da "mun ji, ba mu minti ɗaya" zan ce. Na kuma daina cewa "ka makara da hoto uku", don ba yarensu ba ne. "Shiga kan bugun, ba bayansa ba." Shi ke nan, sai a dace.

Layi ɗaya ne ya gagare mu. Mawaƙin na zaune a bayan mota da dare, yana maganar abokinsu da ya bar ƙungiyar, muryarsa ta karye a tsakiyar wata kalma. Janareta na kuka a bayansa. Sau 31 muka ɗauka. Wasu sun zauna daram a kan leɓe, ko hoto ɗaya ba su kauce ba, amma karyewar nan ta ƙi dawowa. In ya ƙirƙiro ta, sai ka ji ɗinkin. A rana ta tara darakta ta ce in buɗe mata na asali. Ta saurara sau biyu ido a rufe, ta ce a bar shi. Na kwana ina rage kukan janaretan har iyakar inda muryar ta fara sirancewa, na ja baya kaɗan, na tsaya. Wanda ya kasa kunne a wurin zai ji shi.