Fitilar zamewa ta kama, yau muka gano dalili

Asabar

Yau tun safe ban yi aikin komai ba sai na motar nan. Fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke dashbod, wacce aka zana ƙaramar mota da layuka biyu a murɗe a ƙarƙashinta, ita ce ta hana ni sakat kwanakin nan. Da farko sai in na shiga gargada take kamawa, in na kashe mota na sake tayarwa ta mutu, to daga baya sai ta zauna daram ta kuma jawo ta ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi, suka kama tare. Motar ƙirar 2008 ce kuma ta hannu na saye ta, ban san irin rayuwar da ta yi a hannun masu ita na baya ba, shi ya sa duk abin da ta nuna min ba na ɗaukarsa da wasa.

Abin da ya fi ci min rai a kwanakin shi ne shawarar mutane. Wani ya ce in cire kan batir na ɗan lokaci za ta goge, wani ya ce ai tasa ta shekara tana ci kuma motar na tafiya lafiya lau, har akwai wanda ya ce in liƙa baƙin tef a wajen in huta da ganinta. Wannan ta ƙarshen ta ɓata min rai sosai wallahi, domin iyalina nake ɗauka a motar nan. Gaskiya ne mota za ta tashi ta yi tafiya, birki ma zai kama yadda aka saba, amma in fitilar ta zauna ba ta ƙiftawa to kwamfutar ce take gaya maka ta kashe na'urar hana zamewa saboda ta daina yarda da bayanin da ake kawo mata. Ranar da ka shiga kwana a kan jiƙaƙƙen titi ko ka kauce wa wani abu ba shiri, ranar ce za ka neme ta kuma ba ta nan. In kuwa ƙiftawa take yi na ɗan lokaci kana cikin santsi sannan ta mutu, wannan aikinta take yi, babu matsala.

Sai na ɗauki motar na nufi wajen kawuna, wanda ya daɗe yana aikin wayarin na mota kafin ya rage fita. Bayan mun gaisa na fara zayyano masa, bai bari na gama ba ya ce "Kai ɗan nan, kada ka gaya min abin da kake zato, gaya min abin da ka gani. Yaushe take kamawa?" Na ce Kawu da farko a gargada ne kawai. Ya gyaɗa kai ya ce in riƙe wannan maganar za mu dawo kanta.

Bai taɓa kwamfuta ba sai da ya bi ƙananan abubuwa tukuna. Ya sa na murɗa makulli ban tayar ba, muka ga duk fitilun dashbod sun kama, ya ce wannan gwajin kansu suke yi, kuma duk mai sayen mota ta hannu ya kamata ya tsaya ya kalli wannan lokacin, domin in fitilar ABS ko ta zamewa ba ta kama ba sam a nan to akwai alamar wani ya cire ƙwan ko ya rufe shi. Ya ɗora mita a kan batir, ta nuna volt 12.3, ya ce lafiyayyen batir da ya cika ya huta wajen 12.6 yake nunawa, wannan ya ɗan yi ƙasa amma bai kai ya zama shi ne mai laifin ba. Na tayar ta haura 14.1, wato caji na shiga daidai. Ya duba man birki yana tsakanin layukan biyu, ya sa na taka birki ya zagaya baya ya ga fitilu na kamawa, domin ɗan makunnin da ke saman fedar birki in ya lalace shi kaɗai ya isa ya kunna wannan fitila a motoci da yawa. Fis ɗin ABS lafiya. Tayoyi huɗu lambarsu ɗaya, iska ma daidai. Ya danna maɓallin kashe na'urar ya sake dannawa ko wani ne ya taɓa shi, babu abin da ya canza.

Yana cikin wannan yake min bayanin yadda abin yake aiki, kuma na ji daɗin bayanin don da ina ɗaukarsa wani sashe ne na ABS kawai. Ashe tambaya biyu kwamfutar ke yi kullum, ina direba yake so ya nufa, kuma ina motar take nufa a zahiri. Amsar farko daga sensar da ke jikin sandar sitiyari take zuwa, ita ke faɗin yawan murɗawar da ka yi. Amsa ta biyu daga wata 'yar sensa ce da galibi ake ɗaurewa a tsakiyar mota, ƙarƙashin kujera ko wajen giya, tana auna yadda jikin motar ke juyawa da yadda ake tura shi gefe, sai kuma sensa ɗaya ɗaya a kowace taya tana ƙirga gudunta. In amsoshin suka saɓa sai ta kama birkin taya guda ɗaya tak, abin da ƙafarka ba za ta taɓa iya yi ba tunda feda ɗaya gare ka. In bayan mota ne ya fara wutsiya a kwana sai ta kama tayar gaba ta waje, in gaban ne ya ƙi shiga kwanar yana neman miƙewa sai ta kama tayar baya ta ciki, ta kuma rage wa inji ƙarfi in da buƙata. To ka ga in sensa ɗaya ta fara ba da labarin da ba daidai ba, gara ta janye hannunta da ta kama birkin da bai kamata ba kana cikin gudu.

Sunan wannan tsarin na hana zamewa ma ya bambanta, Toyota na ce masa VSC, Honda VSA, BMW DSC, Mercedes da Volkswagen ESP, amma aikin ɗaya ne. Mercedes da kamfanin Bosch ne suka fito da shi a 1995 a manyan motocinsu masu tsada, sai a 1997 ƙaramar motar Mercedes mai suna A-Class ta kife a wani gwajin kaucewa da wata mujallar motoci ta yi a Suwidin, daga nan aka sa mata shi, ya fara sauka zuwa ƙananan motoci. Amurka ta wajabta shi ga sababbin ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma ga duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014. Tawa ta riga waɗannan dokokin, wato sa'a na yi da aka saka mata. Cibiyar IIHS ta Amurka, mai binciken hatsarin mota, ta gano yana rage haɗarin mutuwa a irin hatsarin da mota ɗaya ke yi ita kaɗai da kusan rabi. Abin da zai yi wannan ai ba na liƙa wa tef ba ne.

Sannan muka zo kan kwamfuta. Ina da wata 'yar ƙaramar na'urar karanta lamba da ake haɗawa da wayar hannu, na soka ta a soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta ce babu matsala ko ɗaya alhali ga fitilu biyu suna kallonmu. Kawu ya ce ba ƙarya ta yi ba, inji kawai take iya tambaya, lambobin da ke farawa da P. Matsalar birki da ƙafafun mota da C suke farawa kuma a kwamfutar ABS suke zaune, sai na'urar da ta san hanyar shiga can. Ya ƙara da cewa ko da haka ba a raina duba injin, domin a wasu motocin da zarar fitilar inji ta kama sai ta kashe na'urar zamewar ita ma, mutum ya yi ta neman laifi a taya alhali sensar hayaƙi ce ko wani abu can daban. Ya ɗauko tasa babba ya haɗa, nan take ta fito da biyu, ɗaya ta ce siginar tayar baya ta hagu na ɗaukewa, ɗayar tsohuwa ce ta ƙarancin wuta. Ya sa na rubuta su a takarda kafin a taɓa komai.

Ni dai a raina na gama yanke hukunci a sayo sensa a ɗaura. Na faɗa masa. Ya ce "A'a ɗana, lambar ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa ta yi saƙon bai iso ba. Yana iya zama sensar, yana iya zama waya, ko soket ya yi tsatsa, ko boris ɗin tayar. Gani ya kori ji, shiga mu tafi." Ina tuƙi yana gefe riƙe da na'urar tana nuna gudun tayoyi huɗu a jere. A kan shimfiɗaɗɗen titi duka huɗun suna 30, suna 40, tare suke hawa tare suke sauka. Ya ce in bi ta inda akwai ramuka. Ina taka na farko ya juyo min da fuskar na'urar, uku na nan a 25, ta baya ta hagu ta faɗi sifiri ta dawo a cikin ƙiftawar ido. Muka sake taka wani ta sake faɗuwa. Ya ce ka tuna abin da ka gaya min da safe? Sensar da ta mutu ba ruwanta da gargada, a mace take ko'ina. Wannan wani abu ne da ke motsi. A tafiyar ya duba ta sitiyari ita ma, in na miƙe tana kusa da sifiri, in na murɗa dama da hagu lambar na bi daidai, don haka muka cire ta daga zargi. Ya ce ita takan rikice ne in an yi alaimen ko an canza wani ƙarfen sitiyari ba a sake saita ta ba.

Muka dawo muka ɗaga motar da jak, bai yarda kowa ya sa hannu ba sai da aka tokare ta da ƙarfe. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, babu wasa, ya juya ta babu gurnani, boris lafiya. Muka cire tayar. Sensar wata 'yar baƙar roba ce da ba ta wuce yatsa ba, ƙusa ɗaya ke riƙe da ita a bayan inda tayar ke zama, da ya zaro ta bakinta duk garin ƙarfe ya manne ya goge da tsumma. Na ɗauko mita zan auna ta ya hana ni, ya ce tsofaffin masu naɗin waya a ciki su ake aunawa haka, irin wannan kuwa wuta ake ba ta sannan ta yi magana, tana karanta wani zoben maganaɗisu da ke jikin boris, shi ya sa in aka ɗaura boris a juye ko aka sa wanda ba shi da zoben sai fitila ta kama bayan an gama aiki kowa ya rasa dalili.

Ya mayar da ita, ya sa ni ina juya cibiyar da tayar ke zama a kai da hannu yana kallon na'ura, shi kuma yana bin wayar da yatsu a hankali yana lanƙwasa ta gaɓa gaɓa. Tana nuna 3, tana nuna 4, har ya iso inda wayar ta tsallaka daga jikin mota zuwa ƙarfen da ke hawa da sauka da taya, yana taɓa wajen lambar ta ɗauke. Ya saki ta dawo. Muka haska da tocila, ashe ɗan maƙalin robar da ya kamata ya riƙe wayar a wajen ya karye tuntuni, wani ya ɗaure ta da igiyar roba ya ja ta tam babu sararin da za ta bi motsin tayar. Daga waje rigar wayar ƙalau take sai wani ɗan wuri da ya yi laushi ya ɗan kumbura, da ya tsaga shi da reza muka ga silin tagullar ciki duk sun tsinke saura biyu ko uku, sun yi kore. Na daɗe ina kallon wajen nan, ko tsawon farce bai kai ba.

Na ce Kawu ko a haɗa ta da dalma? Ya ce da a wajen da ba ya motsi ne da ya haɗa, amma nan kullum cikin lanƙwasa take, haɗin zai yi tauri ya sake karyewa a gefensa, kuma ruwa ya riga ya bi cikin wayar. Tunda sensar da wayarta a haɗe suke zuwa har soket, muka samo sabuwa mai lambar da ta dace da motar da sabon maƙali. A ƙarshe dai sensar aka canza, amma da mun ɗaura ta ba tare da mun ga abin da ya kashe ta farko ba, da an sake bin tsohon ɗaurin an ja ta tam, wata rana mu koma gidan jiya. Ya bar mata lanƙwasa isasshiya, ya sa muka sauke motar muka danna bayanta muka ga wayar na bi ba ta gogar komai. Ya leƙa ɗaya ɓangaren ma, can maƙalin na nan lafiya.

Sai a lokacin ya goge lambobin. Muka sake fita muka bi ramukan ɗazu, tayoyi huɗu suka tafi tare babu wacce ta faɗi, fitilun biyu sun kama da aka murɗa makulli sun mutu bayan 'yan daƙiƙu kuma ba su dawo ba. Ya sake tambayar kwamfutar ABS bayan mun tsaya, fes take.

Kafin in tafi ya nuna min tayoyin baya, zanensu ya kusa kai wa ga alamar ƙarewa, ya ce na'urar nan da taya take aiki, in babu abin da zai kama titi ko ta kama birkin ba za ta iya dawo da motar ba. Batir ɗin ma ya ce a gwada shi da lodi saboda waccan tsohuwar lambar ta ƙarancin wuta. Na rubuta su biyun a takardar da na rubuta lambobin, tayoyin zan fara yi in Allah ya kai mu mako mai zuwa.