Ranar da Alhaji ya ce in tura masa location

Akwai wani Alhaji a Katsina da nake sarin atamfa wajensa, rannan ya ɗoro min kaya a mota ta hanyar Jibiya da Dan Issa, sai ya kira ni ya ce turo min location ɗinka in ba direba. Ni kuwa ɗan lakwal ne, wato bokon Nijar, da Faransanci aka rene mu, location a wurinmu haya ce, gidan haya ko motar haya. Na ce Alhaji ranka ya daɗe shagon nan na gado ne, ba haya nake ba. Wallahi sai da ya yi dariya har da tari. Ashe a Ingilishi wurin da kake tsaye ake nufi, ɗan alamar nan da ake turawa a WhatsApp.

Abin da ke kada mu mutanen Maradi ke nan, ba kalmar da ba mu sani ba, a'a wadda muke zaton mun sani. Rubutu iri ɗaya, ma'ana ta yi gabas. Na taɓa ganin for sale a jikin wani gida, na ce ikon Allah wa zai rubuta wa gidansa ƙazanta, ashe na sayarwa ne. Pain da muke karantawa burodi, su ciwo ne. Chat kuma ba kyanwa ba ce, hira ce.

Amma wadda ta fi burge ni sorry. A CEG, wato ƙaramar sakandare, malaminmu ya koya mana ban haƙuri ce in ka yi laifi, to je ka Kano ka yi tuntuɓe, mutum uku za su ce maka sorry alhali ba su suka aje dutsen ba. Sannu ɗinmu ce kawai suka sa wa rigar Bature, kuma ni dai ta fi min daɗi haka.

Tun 2025 an sa Ingilishi cikin harsunan aiki a Nijar tare da Faransanci, Hausa ta zama harshen ƙasa, yaran shagona har sun fara yi min gwaninta. Na ce su yi a hankali, birki da tasha da canji da kakarsu ke faɗi kullum duk daga can suka fito.

Kayan dai sun iso bayan la'asar, ɗan kabu-kabu na aika ya taro direban a bakin babbar kasuwa, don har yau ban iya tura abin ba.