Abin da kifin kirafi ya yi wa dam ɗinmu na manyan bas a Teksas

Duk wanda ya zo mini yanzu da maganar zuba kirafi, wani ɗan kifin suya na Amurka, a ruwan da ake kiwon manyan bas, kifi mai cin ƙananan kifi, tambayata ta farko ita ce eka nawa ne ruwan. In ya ce 30 ko 40, sai in ce ya bar zancen. In kuwa ya fara kawo misalin tafkin Fork, wani babban tafki a Teksas, nan take raina ke ɓaci, domin da wannan misalin aka kayar da ni a taron kwamitin masu dam ɗin da nake kula da shi.

Aikina kula da ruwa da kifin cikinsa ne a gabashin jihar Teksas ta Amurka. Dam ɗin na wata ƙungiyar masu kamun kifi da fatsa ne, bai wuce eka 40 ba, kuma tun da aka tare shi burin ɗaya ne: a sami bas ɗin da nauyinsa ya haura fam 10. Ba don miya ake kama shi ba. A auna, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa. Girman kifi ne abin taƙama kamar a Argungu, sai dai a can ana fita da shi. Mun zuba bas jinsin Fulorida, muka zuba musu ƙananan kifi, bulugil da shad, su ci, komai na tafiya daidai.

Sai wasu 'yan ƙungiya suka ce kirafi suke so. Ban ga laifinsu ba, da wuya ka sami kifin da ya kai shi daɗi a suya, ga shi yara ma na iya kama shi. Hujjarsu Fork. Bas mafi girma da aka taɓa kamawa a Teksas, mai fam 18.18, wato sama da kilo 8, a Fork Barry St. Clair ya kama shi a Janairun 1992, kuma kirafi ya fita nema a ranar. Shugaban kwamiti ya tambaye ni a gaban kowa, in kirafi na hana bas girma, to wannan daga ina ya fito? Aka yi dariya, aka kaɗa ƙuri'a.

Fork eka 27,000 ne da ɗoriya. Yana da zurfi, yana da faɗi, shad na yawo a cikinsa garke-garke, sannan masu fatsa na kwasar kirafi ba dare ba rana, kowa har 25 a yini. Daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu ma doka ta ce 25 na farko da ka kama dole ka tafi da su, komai ƙanƙantarsu. Mu fa? Mutanen da ke zuwa Asabar da Lahadi, rabinsu ba sa ko son wanke kifi.

Amma ba girman ruwa kaɗai ba ne matsalar. Wanda ke son manyan bas dole ya riƙa kwashe ƙanana duk shekara, duk wanda bai kai inci 14 ba a fitar da shi ba tausayi, don abinci ya ishi 'yan kaɗan da suka rage. To waɗannan ƙananan bas ɗin su ne ke cinye 'ya'yan kirafi. Ƙaton bas mai fam 8 ba zai tsaya bin ɗan kifi kamar yatsa ba, ko ya bi ma, su nawa ne? Shi ya sa jami'an kifi na jihohin kudancin Amurka ke cewa in kana son kirafi a ƙaramin ruwa, ka bar shi ya cika da ƙananan bas masu yunwa, ka haƙura da manya. Taura biyu ba ta taunuwa. Na faɗi haka a taron, aka ce na cika tsoro.

Abu ɗaya na samu: baƙin kirafi aka zuba, ba fari ba. Na tsaya a kan motar mai kawo kifin ina ƙirga ƙayar baya, baƙin yana da 7 ko 8, farin 5 ko 6. Baƙin ya fi son ruwa mai haske kuma bai kai farin saurin cika wuri ba. Bai kai ba ne kawai, ba wai ba ya cikawa ba.

Shekarun farko su suka cuce mu, domin babu abin da ya faru. Haihuwar kirafi ba ta da tsari. Sai ya yi shekaru kamar babu shi, sannan shekara guda ya zubo 'ya'ya ba iyaka. A shekarun shirun nan mutane na kama manya-manya, ana soyawa, ana yi mini ba'a. Binciken da muke yi da jirgin lantarki, mai sakin wuta a ruwa don kifi su taso a ƙirga su, shi ma bai nuna komai ba, don jirgin bakin gaɓa yake bi, yana taso da bas da bulugil, shi kuwa kirafi yana can tsakiya a zurfin da wutar ba ta kaiwa. Ragar tarko ake kafa masa da kaka in ana son sanin gaskiyarsa. Na nemi kuɗinta, aka ce ai rahoto na kyau, me za a yi da ƙarin kashe kuɗi? Wannan amsar har yau tana ci mini rai fiye da ƙuri'ar kanta.

Shekarar da ruwa ya cika ya tsaya cak a lokacin ƙwai, sai abin ya auku. Kirafi na yin ƙwai da wuri, ruwa na kai wa digiri 16 zuwa 18 na Salshiyas, tun bulugil bai fara ba. Kafin 'ya'yan bulugil su ƙyanƙyashe, nasa sun riga sun yi wayo, sun cinye ƙananan halittun ruwa, daga baya su juya kan 'ya'yan kifin da kansu. A jikin bas muka fara gani: ƙaton kai, ciki a lotse. Ma'aunin da muke gwada nauyin kifi da tsawonsa, wanda 100 ke nufin lafiyayye, ya sauko ƙasa da 90. Sai a lokacin aka saki kuɗin raga. Da muka ɗaga ta, cike take da kirafi 'yan inci 5 zuwa 6, sirara, idanu ƙwala-ƙwala, waɗanda ba su kai a fere su ba.

Ana cikin haka sanyin Fabrairun 2021 ya sauka a Teksas. Irin shad ɗin da muke da shi ba ya jure ruwan da ya yi ƙasa da digiri 7, ya mutu kusan duka. Bas da kirafi suka koma kan bulugil, ɗan abin da ya rage.

An yi maganar zuba rotenon, gubar kifi, a kashe komai a fara sabo. 'Yan ƙungiya suka ƙi, saboda tsofaffin bas da aka yi shekaru ana reno, kuma a nan ina tare da su. Sai muka bi doguwar hanya: duk kirafin da aka kama kada a mayar, raga duk kaka, rage ruwa don a matse ƙananan kifi a bakin bas, sake sayen shad, da zuba karfasa in ruwa ya yi ɗumi, wadda ita ma sanyi ke kashewa, a sake saye baɗi. Mafi ciwo, muka daina kwashe ƙananan bas. Wato da hannunmu muka ajiye burin da aka tare ruwan dominsa.

In an matsa maka lamba, akwai kirafin da aka haɗa baƙi da fari, haihuwarsa ba ta da yawa, kodayake yana yi. Jihar Misisipi ma ta samar da wani da ake kira Magnolia wanda aka yi shi don kada ya haihu. Ko wanne za ka zuba, kuɗin ragar tarko na kowace kaka ya shiga kasafi a rubuce kafin motar kifi ta iso, kuma kada shirun shekara biyu ko uku ya sa a cire shi. Da ni ne mai ƙungiya, ɗan tafki daban zan haƙa wa masu son suya.

Kirafin ya ragu yanzu, waɗanda suka rage sun fara kauri. Sai dai ƙananan bas da muka bari sun yi yawa, suna gasa da manyan a kan abinci, kuma ni da kwamiti ba mu daidaita ba tukuna a kan shekarar da za a koma kwashe su.