Yadda na bi diddigin busan alƙalan NBA a wasannin fidda gwani

Daga watan Afrilu zuwa Yuni masu son ƙwallon kwando a Zariya ba sa samun barcin kirki, saboda wasannin fidda gwani na NBA, babbar gasar Amurka. Wasan da aka fara ƙarfe takwas na dare a Niyok, mu nan ƙarfe ɗaya ne, na yammacin Amurka kuwa sai uku, a tashi dab da kiran asuba. Garin da Masai Ujiri, tsohon shugaban ƙungiyar Toronto Raptors ta NBA, ya tashi ne, ba mu rasa masana ba. Duk da haka, a gidan kallon da nake zuwa a Samaru da wuya a watse ba a ji wani ya ce, "Yaya, wannan ai sata ce ƙiri-ƙiri" ba. Shi ya sa na ɗauki littafi da biro na riƙa rubuta duk busan da ya tada hayaniya, da kwatar da aka yi shi da mintin da ya rage, washegari in zauna in duba.

Tsarin duban shi ne ginshiƙi. Kallon farko da gudunsa na ainihi nake yi, sau ɗaya tak, in yanke hukuncina nan take in rubuta, domin iyakar abin da alƙali ya samu ke nan. Sannan in rage gudun zuwa 0.25 a YouTube. A kwamfuta, in ka tsayar da bidiyon, maɓallin waƙafi da na aya suna matsar da hoton ɗaiɗai, baya ko gaba. Ƙafafu nake fara kallo, sai ƙugu, hannu da ƙwallo su zo ƙarshe. Da farko na yi kuskuren bin ƙwallo da ido kamar kowane ɗan kallo, alhali yawancin hukunci a ƙafa yake. Daga nan sai in nemi inda wanda ya hura usur yake tsaye. Alƙalai uku ne a fili: ɗaya a bayan layin ƙarƙashin kwando, ɗaya a gefe daura da layin jifan fawul, ɗaya yana biye da wasa daga baya. Kyamarar talabijin tana can sama a tsakiya, inda babu ko ɗayansu. Sau da yawa abin da muka gani sarai, shi bayan wani ƙato ya tare masa. Wani lokacin kuma shi ne ya ga hannu a ƙugu mu ba mu gani ba.

Abin da ya fara bayyana shi ne da dokar filinmu muke auna wasan wasu. A nan dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, muke bi: kwata minti 10, fawul biyar ka fita. A NBA kwata minti 12 ce, fawul shida. A FIBA da zarar ƙwallo ta taɓa ƙarfen kwando kowa na iya doke ta, a NBA kuwa muddin tana saman da'irar ƙarfen, wanda ya taɓa ya yi laifi. Haka mai tsaro ba ya wuce daƙiƙa uku a cikin fenti, wato akwatin da ke gaban kwando, ba tare da yana gadin wani kusa ba, dokar da babu ita a wajenmu.

Taku, wato tafiya da ƙwallo a hannu ba a buga ta ƙasa ba, ya fi komai jawo ihu. Ba daga lokacin da ɗan wasa ya daina buga ƙwallo a ƙasa ake fara ƙirga ba, sai daga lokacin da ya tattaro ta, wato ya riƙe ta da hannu biyu ko ya tsayar da ita a tafinsa. Ƙafar da take ƙasa a wannan lokacin ba ta cikin lissafi, bayanta yana da taku biyu. Ido yana ƙirga uku, doka tana ƙirga biyu. NBA ta fayyace wannan a rubuce a 2019, FIBA ma ta karɓi irinsa tun 2017. In ka bi hoton ɗaiɗai ka gano daidai inda hannu na biyu ya sauka kan ƙwallo, gardama da yawa za ta mutu. Ba duka ba, don akwai taurarin da ake ɗaga wa ƙafa.

Sai batun caji da tare hanya, wato ko mai ƙwallo ne ya bangaji mai tsaro ko mai tsaro ne ya shiga gabansa, wanda nake ganin ya fi kowane hukunci wuya. Mun saba cewa, "Ai ƙafarsa tana motsi." Doka ba ta ce mai tsaro ya daskare ba. Abin da ake nema, ya riga ya kafa jikinsa a hanyar mai ƙwallo kafin wancan ya fara yunƙurin tashi sama. Akwai kuma rabin da'irar nan ta ƙarƙashin kwando, ƙafa huɗu daga tsakiyarsa: mai tsaron da ya baro nasa mutumin ya zo taimako ba ya samun caji in ko dugadugansa na kan layin. A wasan farko na ƙarshen gasar 2018, saura daƙiƙa 36, an busa caji a kan Kevin Durant. Alƙalai suka je duba ko LeBron James, wanda ya tare shi, yana cikin da'irar, suka tarar yana waje, amma suka ga bai gama kafa jiki ba, sai suka juya laifin kan LeBron. Durant ya jefa biyu aka yi 104 da 104. Na maimaita wannan bidiyo har na gaji, kuma a gudun ainihi har yau caji nake gani. Sai an rage gudu kafaɗar da ke zamewa take fitowa.

Yawan jifan fawul shi kaɗai ba hujja ba ne. Ƙungiyar da ke kutsawa ƙarƙashin kwando dole ta fi mai harbi daga nesa samu. Daga fawul na biyar na ƙungiya a kwata, kowane ƙaramin riƙo jifa biyu ne, kuma wadda ake ci takan yi fawul da gangan a ƙarshe don ta tsayar da agogo. Sai ka cire waɗannan kafin ka kwatanta. Amma ba na ce wa kowa zarginsa banza ne. A wasa na shida na jerin fidda gwani tsakanin Lakers da Kings a 2002, Lakers sun yi jifa 27 a kwata ta huɗu kaɗai, Kings 9. A 2007 aka bankaɗo cewa alƙali Tim Donaghy yana caca a kan wasanni, har da waɗanda ya busa, aka ɗaure shi wata 15. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ma'aunin da na fi amfani da shi rahoton minti biyun ƙarshe ne, wanda NBA take fitarwa tun 2015. Yana fitowa washegari a shafinta na alƙalanci, ga duk wasan da tazararsa ta sauko maki uku ko ƙasa a cikin minti biyun ƙarshe. Kowane layi da alamarsa: CC an busa daidai, IC an busa bisa kuskure, CNC an ƙyale daidai, INC an ƙyale abin da ya kamata a busa. Ka rubuta naka hukuncin kafin ka buɗe shi, in ba haka ba idonka zai bi abin da ka karanta. Ka kuma tuna gasar ce take duba ma'aikatanta da kanta, kuma minti 46 na farko ba sa ciki.

Da na jera littafina da rahotannin, mafi yawan busan da muka yi wa ihu CC ne. Kurakuran da aka amsa kuwa galibinsu INC ne, shirun alƙali. Nan ne nake ganin fushin magoya baya yake da gaskiya, domin tsarin gyara bai kai wurin ba. Tun kakar 2019 koci yana da damar ƙalubalantar hukunci, daga 2023 kuma in ya ci na farko ana ba shi na biyu. Sai yana da sauran hutun tsayar da wasa da zai kira, kuma abu uku kawai yake iya kaiwa: fawul da aka busa wa ɗan wasansa, wanda ƙwallo ta fita a hannunsa, da taɓa ƙwallo a kan kwando. In usur bai yi ƙara ba, babu abin da zai ƙalubalanta, duk da cibiyar duba bidiyo da aka buɗe kusa da Niyok tun 2014.

A Afrilun 2025, wasa na huɗu tsakanin Pistons da Knicks, Tim Hardaway Jr. na Pistons ya tashi harbin maki uku a daƙiƙun ƙarshe, Josh Hart na Knicks ya bangaje shi, ba a busa ba. Knicks suka ci 94 da 93. Bayan an tashi shugaban alƙalan, David Guthrie, ya amsa cewa fawul ne. Jifa uku ke nan ga ƙungiyar da ake bi maki ɗaya, a jerin wasannin da wanda ya fara cin huɗu yake wucewa. Shekara guda kafin nan, a wasan farko na Knicks da Pacers, ana 115 da 115 saura daƙiƙa 52, aka ce Aaron Nesmith na Pacers ya sa wa ƙwallo ƙafa alhali hannu ya sa. Wannan an busa, amma ba ya cikin abin da ake dubawa. Knicks suka riƙe ƙwallo suka jefa uku. Kocin Pacers, Rick Carlisle, da ya yi magana kan alƙalanci bayan wasa na biyu, tarar dala 35,000 aka ci shi. Amsa kuskure washegari ihu ne bayan hari, ba ya mayar wa kowa da wasansa.

Na san dalilin da ake jin tsoron buɗe wannan ƙofa. In za a duba kowace gogayya a hankali, kusan kowane hari za a samu fawul, minti biyun ƙarshe su koma rabin awa. Alƙalai kuma suna ɗari-ɗari da busa a harbin ƙarshe don kada a ce su suka yanke wasa, ko da yake shirun ma yanke wasa ne. A ganina ya kamata a bai wa koci damar kai shiru guda ɗaya gaban bidiyo a minti biyun ƙarshe, a kan harbi kawai, in ya faɗi ya rasa hutunsa kamar yadda ake yi yanzu. Da akwai wannan dama a wancan wasan na Pistons, da Hardaway ya tsaya a layi ya jefa ukunsa.