Tsatsa a ƙarƙashin motata

Makon jiya motata ta faɗi gwajin lafiyar mota. Da farko raina ya ɓaci, don a ido tas take, fenti sai sheƙi. Sai da bakanikena ya ɗora ta a kan rami ya haska min fitila na ga abin da ya tayar min da hankali.

Ƙarfen da ke riƙe da tayar baya duk tsatsa ta cinye shi. Ya ɗan ƙwanƙwasa da sifana, sai ɓawon ƙarfe ya riƙa zubowa kamar ƙanzo. Sifirin ɗaya, wato ƙarfen nan mai lotsawa da ke rage girgizar mota, shi ma ya tsage. Ya ce, "Yallabai, daga Kanada ta fito. Gishirin da suke watsawa a titi lokacin dusar ƙanƙara ne ya ci ta haka."

Noti biyu suka ƙi kwancuwa, sai da aka gasa su da wuta. Ya so ya yi walda, na ƙi. Muka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na sayo wani ƙarfen da sifirin biyu.

A motar nan nake kai yara makaranta kullum, abin da ya hana ni barci ke nan. Alhamdulillahi, jiya ta ci gwajin.