Bos ɗin da ya fi jarumi hujja

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ya kori kowa daga ɗaka, ni da ɗan ƙanwata muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida a Mabera muka sake kallon Black Panther a kwamfutata. Da aka zo wurin da Killmonger ya tsaya a gidan tarihi na Landan yana tuhumar mai kula da kayan Afirka kan yadda kakanninta suka mallake su, sai yaron ya tsayar da fim ɗin ya ce, "Kawu, wanga bos ai shina da gaskiya." Tun daren nan nake juya maganar, domin a kallonmu na da, tun zamanin fina-finan Indiya a sinima, bos mutum ne da ake jiran a ga ƙarshensa a yi ta tafi, kuma ba mu saba tsayawa mu saurari hujjarsa ba. Da na bi fina-finan jarumai masu ƙarfin ban mamaki da aka ciro daga littattafan zane na Amurka, sai na ga abin da nake auna mugu da shi guda ne: shin jarumin ya fita daga hannunsa yadda ya shiga, ko kuwa ya bar masa tabo a hali?

Killmonger, wanda Michael B. Jordan ya fito a matsayinsa a fim ɗin Ryan Coogler na 2018, ɗan sarauta ne da aka ɓoye labarinsa. Sarki T'Chaka na Wakanda, ƙasar Afirka da aka ƙirƙira a labarin, ya kashe ƙaninsa N'Jobu, mahaifin Killmonger, a Amurka a 1992, ya koma gida ya bar yaron maraya a can, don kada asirin ƙasar ya tonu. Duk wanda ya san gidan sarauta a ƙasar Hausa ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da zai faru idan irin wannan ɗa ya girma ya dawo da zoben gidan a hannu, ya nemi gadon bisa al'ada, kuma ya kayar da mai riƙe da shi a gaban masu zaɓen sarki. Ƙorafinsa shi ne Wakanda ta rufe ƙofa ta ci arzikinta alhali ana bautar da baƙar fata ana kwashe dukiyarsu, kuma wannan ƙorafi ba ya yi wa mutumin da garinsa ya faɗa hannun Ingila a filin Giginya a 1903 nauyin fahimta, balle wanda ya san yadda aka wawashe tagullar Bini a 1897. Sai dai na lura masu fim ɗin sun tsorata da ƙarfin hujjar da suka ba shi, shi ya sa suka yi ta lafta masa ta'asa: ya harbe budurwarsa ba tare da ko ɗar ba, ya shaƙe dattijuwar da ke kula da lambun tsiron sarauta, sannan ya sa aka ƙone lambun don kada a sake naɗa wani bayansa. Duk da haka ya yi abin da miyagu kaɗan suka iya, domin T'Challa, jarumin fim ɗin kuma ɗan T'Chaka da ya gaji sarautar, ya tsaya gaban ruhin mahaifinsa da sauran magabata ya ce musu sun yi kuskure, daga baya kuma ya buɗe ƙasar ga duniya. An kashe mai maganar, an ɗauki maganar.

Joker, abokin gabar jarumi Batman, ya fi kowa sauƙin kwatantawa, tunda mutum ɗaya ne da ya bayyana a littafin zane tun 1940, masu fim kuma kowa ya sassaƙa shi yadda ya ga dama. Na Jack Nicholson a 1989 ɗan daba ne da ya faɗa cikin tukunyar sinadari fuskarsa ta lalace, aka kuma ɗora masa kisan iyayen Batman, wanda a littattafan wani ɓarawo ne dabam ya aikata. Wannan ya mayar da labarin ramuwar gayya zalla, Batman ya gama da shi ya koma gida yadda yake. Na Heath Ledger a The Dark Knight na Christopher Nolan, 2008, ba a san asalinsa ba, har labarin tabon bakinsa sau biyu ya bayar kuma ba su yi kama da juna ba. Ya tara tsibin kuɗi ya cinna masa wuta, don a san ba abin da za a saye shi da shi. Yakan tuna mini da Gizo na tatsuniya, mai cin galaba da sanin raunin mutane, illa dai shi ba cikinsa yake yi wa aiki ba. Kafin a kama shi ya haukata Harvey Dent, lauyan gwamnatin da garin ya dogara da shi, ya tura Batman ga leƙen asirin wayoyin jama'a baki ɗaya, a ƙarshe kuma Batman ya ɗauki laifin kisan da bai yi ba ya shiga gudu. Na Joaquin Phoenix a 2019 kuwa asali ne daga farko har ƙarshe: talaka mai taɓin hankali, mai jinyar uwa, wanda aka yanke wa magani saboda an rage kuɗin kula da marasa galihu. Ya ba ni tausayi ƙwarai, kuma shi da Ledger duk sun ci kyautar Oscar da wannan rawa, Ledger bayan rasuwarsa. Amma Bruce Wayne, wanda zai girma ya zama Batman, yaro ne ƙarami a fim ɗin, don haka kallon ya zame mini kamar ɗan dambe ya ɗaure hannu ya shiga fage yana ta kirari babu abokin karawa.

Thanos, bos ɗin fina-finan Avengers, ba zan daɗe a kansa ba. A littafin zane na 1991 ya hallaka rabin halitta ne don ya burge Mutuwa, wadda aka zana a siffar mace. Fim ɗin Avengers na 2018 ya sauya masa dalili zuwa yawan jama'a da ƙarancin abinci, ya kuma sa shi jefa 'yar riƙonsa Gamora daga dutse yana hawaye, wanda shi ne wuri ɗaya da na ji shi mutum. A na 2019 ya koma Dodo kawai, ƙato mai takobi da ake taruwa a kai. Ɗan ƙanwata ma ya rushe hujjarsa da tambaya ɗaya, cewa mai ikon rage mutane me ya hana shi ninka hatsin.

A daren nan na Mabera, bayan fim ɗin ya ƙare, yaron ya roƙe ni in mayar masa da wurin da T'Challa ya tallafi Killmonger, ɗan ƙanin mahaifinsa, wuƙa na soke a ƙirjinsa, ya kai shi bakin dutse ya ga faɗuwar ranar Wakanda da N'Jobu ya sha ba shi labari. An yi masa tayin magani ya ƙi, don ya san kurkuku ke jiransa, ya zare wuƙar da hannunsa. Sau uku muka kalli wurin kafin cajin kwamfutar ya ƙare.